Wane pelet ne ya fi inganci ga murhun ɗumama gida?

Malam Habibu, Brescia

Assalamu alaikum wa rahmatullah. 'Yan'uwa, ina neman shawarar waɗanda suka riga ni sanin murhun pelet, wato murhun da ke ƙona ƙananan ƙwayoyin garin katako da aka matse. Gidan da muka koma a bana babu bututun gas a cikinsa, murhun pelet ne guda ɗaya a falo, kuma shi ne zai riƙe mu da yara har hunturu ya fita. Na zaga shaguna na tarar da buhuna iri-iri, dukansu masu kilo 15, amma tsakanin mafi araha da mafi tsada akwai tazarar da ta kai Yuro 2 a kowane buhu, wadda idan aka tara ta a lodin buhu 70 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Wani an rubuta abete a jikinsa, wani faggio, wato sunayen itatuwan da aka yi su da su a Italiyanci, wani fari tas, wani kuma ya yi duhu. Shin mai tsadar ya cancanci kuɗinsa, ko kuwa suna kawai ake sayar mana? Wane kamfani kuka gwada kuka gamsu da shi?

Alhaji Ɗanlami, Udine

Wa alaikumus salam. Malam Habibu, Allah ya sanya alheri a sabon gida. Ni dai shawarata gajeriya ce: ka nemi pelet na Ostiriya wanda aka yi da itacen abete zalla, ka huta. Na daɗe ina amfani da na Binderholz da na Pfeifer, wani lokaci na Hasslacher, kuma ban taɓa samun abin da zan yi ƙorafi a kansa ba. Dalilin kuwa shi ne waɗannan kamfanoni asalinsu masu yankan katako ne, suna ɓare ɓawon itacen kafin su yanka, sannan garin katakon da ya zubo a masana'antarsu shi suke busarwa su matse. Sun san abin da ya shiga injinsu tun daga daji. Wanda kuwa yake sayo garin katako daga wurare daban-daban, yau daga nan gobe daga can, ba zai iya ba ka kaya iri ɗaya kullum ba. Idan ka ga pelet fari mai sheƙi, to, ka sayi abinka.

Injiniya Sa'idu, Freiburg

Assalamu alaikum. Abin da Alhaji ya faɗa a kan masu yankan katako gaskiya ne, amma ina so in ƙara da cewa akwai ma'aunin da ba ya buƙatar mutum ya haddace sunan kamfani. Ana kiransa ENplus. A nan Jamus aka fara shi a 2010, daga baya ya bazu a Turai, kuma ya ginu a kan ƙa'idar ISO 17225-2. Yana da aji uku, A1 da A2 da B, kuma murhun gida A1 yake so.

Kafin pelet ya samu A1, dole danshinsa kada ya wuce kashi 10 cikin ɗari, tokarsa kada ta wuce kashi 0.7, kuma kowane kilo ya ba da zafin da bai gaza kilowat-awa 4.6 ba. Ana kuma juya shi a cikin inji don a ga ko zai marmashe, a nan ana son kashi 98 ya fito lafiya. Kaurinsa milimita 6 ko 8 ne, tsawonsa kuma bai kamata ya haura milimita 40 ba, domin dogon pelet yana tokare ƙarfen nan mai murɗiya da ke tura shi zuwa kaskon wuta. A ajin A2 an yarda toka ta kai kashi 1.2, a ajin B kuma kashi 2. Bambancin kamar ƙarami ne a takarda, amma mu lissafa: tan ɗaya na A1 zai bar toka kilo 7 a mafi yawa, na A2 kuma kilo 12, kuma duk wannan tokar ta cikin murhunka da bututun hayaƙinka za ta bi.

Malam Nuhu, Bergamo

Malam Habibu, kafin a yi nisa, ka sani cewa a nan Lombardiya, jihar Italiya da Brescia da Bergamo suke ciki, zaɓi tsakanin A1 da A2 ba a hannunka yake ba. Tun bayan yarjejeniyar 2017 da jihohin kwarin Kogin Po suka sanya wa hannu saboda gurɓacewar iska, wato Lombardiya da Veneto da Piemonte da Emilia-Romagna, doka ta wajabta amfani da A1 a kowane murhun da ƙarfinsa bai kai kilowat 35 ba, kuma murhun falo yana cikinsu.

Sai dai, Injiniya, ni ina da ja a kan dogaro da tambari. Na yi aiki a wani sito da ake sauke pelet, kuma abin da na gani shi ne kaya ɗaya daga masana'anta ɗaya yana fita a buhuna masu sunaye daban-daban, kowanne da farashinsa. Duk wanda ya san yadda ake juye shinkafa a sabon buhu a kasuwanninmu na gida ya fahimci abin da nake nufi. Na kuma ga buhun da aka rubuta A1 da manyan baƙaƙe a jikinsa, alhali babu wata hukuma da ta taɓa duba shi. To, idan suna ba hujja ba ne, tambari ma ana iya buga shi a kowace maɗaba'a, mai saye da me zai dogara?

Injiniya Sa'idu, Freiburg

Malam Nuhu, tambayarka ita ce zuciyar maganar, kuma akwai amsa. Tambarin ENplus na gaskiya ba ya zuwa shi kaɗai, akwai lamba a tare da shi: haruffa biyu na ƙasa, sannan alƙaluma uku. AT na Ostiriya ne, IT na Italiya, DE na Jamus, FR na Faransa. Idan lambar tana tsakanin 001 da 299, mai ita shi ne ya ƙera pelet ɗin. Idan daga 301 ne zuwa 899, ɗan kasuwa ne mai rajista. Masu kula da tsarin suna wallafa jerin kamfanonin da ke da shaida a shafinsu na intanet, tare da jerin waɗanda aka kama suna amfani da tambarin ba bisa izini ba, kuma a Italiya ƙungiyar AIEL ce ke kula da wannan aiki. Don haka mutum yana tsaye a shago zai iya duba lambar a wayarsa, ya ga ko tana raye, ya kuma ga ko sunan da ke jikin buhun ya yi daidai da mai lambar.

Wannan kuma ya warware abin da ka gani a sito. Buhu biyu masu suna daban da lambar masana'anta ɗaya, daga injin wuri ɗaya suka fito, kuma babu laifi mutum ya ɗauki mai arahar. Buhun da aka rubuta A1 kawai ba tare da lamba ba, wannan maganar mai kaya ce a kan kayansa, babu wanda ya tsaya masa shaida.

Hajiya Rabi, Saint-Étienne

Assalamu alaikum. Ina biye da ku, kuma ina so in kawo yadda abin yake a Faransa, domin akwai 'yan'uwa da yawa a nan da suke karantawa ba sa magana. Mu tambari uku muke gani, ENplus da DINplus na Jamus da kuma NF na Faransa, kuma dukansu abin amincewa ne. Sunayen da suka fi yawo a shagunanmu su ne Piveteau daga yankin Vendée, da Woodstock, da Crépito, da Cogra, sai Badger da ke shigowa daga Beljiyam.

Alhaji, ku yi mini afuwa, amma a kan batun launi ban bi bayanku ba. Na ƙona pelet mai duhu da ya bar mini toka kaɗan ƙwarai, na kuma ƙona wani fari mai kyan gani, wanda ba zan ambaci sunansa ba, da ya sa gilashin murhu ya yi baƙi kafin dare. A gidanmu ni ce mai kwashe toka da goge gilashi, saboda haka da hannuna nake gane bambancin. Abin da nake dubawa kafin in biya kuɗi shi ne gindin buhu. Ina ɗaga shi in juya, idan na ga gari ya taru a ƙasa, ina ajiye shi ko da sunan wa ke jikinsa. Garin nan shi ne yake toshe hanyar da pelet ke bi, shi ne kuma yake tashi ya zama kunkunniya. Bayan haka ina duba ƙwayoyin: mai kyau santsi gare shi, yana sheƙi, idan an karya shi yana karyewa da tauri. Wanda ya tsattsage ko ya kumbura, laima ta riga ta taɓa shi.

Alhaji Ɗanlami, Udine

Hajiya, babu komai, ai don haka ake muhawara. Amma ina nan a kan cewa duhu yakan nuna an haɗa da ɓawo, kuma ɓawo toka ne. Sannan akwai maganar faggio da Malam Habibu ya tambaya wadda ba a amsa ba. Masu shaguna a nan suna cewa faggio ya fi daɗewa yana ci saboda itace ne mai tauri, kuma mutane da yawa suna biyan ƙari saboda wannan magana. Ni na gwada shi na ga toka ta ƙaru, zafi kuwa ban ji ya ƙaru ba. Injiniya, me ilimi ya ce?

Injiniya Sa'idu, Freiburg

Alhaji, ku da Hajiya kowa yana da rabonsa na gaskiya. Ɓawo yana kawo duhu, yana kuma ƙara toka, haka yake. Amma ba shi kaɗai ke kawo duhu ba: irin itacen, da yadda aka busar da garin, da zafin da injin matsewa ya yi, duk suna sauya launi. Saboda haka launi ba ya cikin abubuwan da ma'aunin yake aunawa.

Game da faggio kuwa, maganar masu shago ta dace da itacen da ake faskarawa, domin a can guntun itace mai tauri ya fi na mai laushi nauyi, don haka ya fi daɗewa a wuta. A pelet wannan bambanci ya kusa gushewa, saboda an niƙe itacen an matse shi, kuma da kilo ake sayar mana. Kilo ɗaya na abete ko pino, waɗanda itatuwa ne masu laushi, yana ba da zafi daidai da na faggio, har ma yakan ɗara kaɗan saboda ƙaron da ke cikinsa, kuma tokarsa takan fi ƙaranci. Abin da kuka gani a murhunku ke nan.

Akwai kuma wata lamba da nake so Malam Habibu ya yi hattara da ita. Za ka ga buhun da aka rubuta kilowat-awa 5.3 ko fiye a kowane kilo, kusa da wani da aka rubuta 4.8, sai ka ɗauka na farkon ya fi. Sau da yawa na farkon an auna shi ne bayan an cire masa danshi gaba ɗaya a ɗakin gwaji, na biyun kuma an auna shi yadda yake a buhu. Pelet mai kyau, yadda kake zuba shi a murhu, yakan tsaya ne tsakanin 4.6 da 5 ko ɗan sama kaɗan. Wato buhu ɗaya yana ɗauke da kilowat-awa 69 zuwa 75, kuma kilo 2 ya yi kusan daidai da lita ɗaya ta man ɗumama gida. Inda kamfanoni suke bambanta da gaske a cikin ajin A1 shi ne toka, domin 0.7 iyaka ce kawai: akwai masu tsayawa a 0.3, kuma wannan shi ne giram 45 a buhu maimakon giram 105.

Malam Habibu, Brescia

Allah ya saka muku da alheri, na ƙaru sosai. Akwai abin da ya faru wanda nake ganin ya shafi maganar. Na tarar da ragowar buhuna a gareji, na wanda ya zauna a gidan kafin mu, babu lamba a jikinsu. Da na kunna murhu da su, kafin wayewar gari sai toka ta dunƙule a kasko ta yi tauri har ta toshe ramukan iska, da safe kuma murhun ya ƙi kamawa, pelet ya yi ta zubowa yana taruwa. Laifin pelet ne ko na murhu?

Injiniya Sa'idu, Freiburg

Kafin komai, duk lokacin da murhu ya ƙi kamawa, ka kwashe pelet ɗin da ya taru a kasko kafin ka sake kunnawa, domin idan tarin ya turnuƙe da hayaƙi sannan ya kama gaba ɗaya, yana iya fasa gilashi. Dunƙulen da ka gani kuwa toka ce da ta narke sannan ta daskare. Ma'aunin A1 ya ce tokar kada ta fara narkewa ƙasa da digiri 1,200, amma idan akwai yashi ko ƙasa ko ɓawo da yawa a cikin garin katakon, tana narkewa tun kafin a kai nan. Alamun da ka faɗa sun fi karkata ga pelet, musamman tunda ya kwana a gareji tsawon lokacin da ba a sani ba.

Duk da haka kada ka wanke murhun daga zargi tukuna. Murhu yana da saiti biyu, yawan pelet da yake turawa da yawan iskar da fanka ke ja, kuma an daidaita su ne da pelet ɗin da aka gwada shi da shi. Idan aka sauya zuwa mai gajerun ƙwayoyi, wanda ya fi saurin zubowa, sai wuta ta yi ja, ta yi lanƙwasa, gilashi ya yi baƙi, mutum ya ce kamfanin ba shi da kyau alhali iska ce ta yi kaɗan. Wutar da ta daidaita rawaya ce mai haske, tana tsaye da kuzari. Tunda sabon shiga ne kai a gidan, ka kira mai gyara ya wanke murhun da bututun hayaƙi, sannan ya saita shi da pelet ɗin da ka yanke shawarar zama a kansa.

Malama Bilkisu, Graz

Assalamu alaikum. Ina zaune a ƙasar da Alhaji yake yabon pelet ɗinta, kuma zan shaida cewa ko mafi kyawunsa yana lalacewa idan ajiya ba ta yi kyau ba. Abin da ke riƙe ƙwayar pelet sinadari ne na cikin itacen kansa, wanda yake narkewa da zafin matsi ya manne garin, kuma laima tana warware wannan mannewa. Buhunan suna da ƙananan huji, ba a rufe suke ruf ba. Don haka kada a jibge su a kan siminti ko a jingina su da bango mai sanyi, a bar su a kan katakon da aka kawo su a kai. Haka nan idan ka ga mai shago yana tara lodinsa a fili, ruwa da raɓa suna sauka a kan leda, to, sunan da ke jikin buhun ba zai cece ka ba.

Abu na biyu ya shafi rai. Pelet da aka tara da yawa a rufaffen wuri yana fitar da iskar kabon monoksaid ko ba a kunna shi ba, kuma iska ce marar wari marar launi. An yi asarar rayuka a nan Turai a rumbunan da ake zuba pelet tsurarsa. Haɗarin buhuna bai kai na rumbu ba, amma duk da haka kada a tara lodi a ɗakin da ake kwana, a kuma bar wa wurin ajiya hanyar iska. Malam Habibu, tunda akwai yara a gidan, ka sayi na'urar da ke ƙara idan ta ji wannan iska, ka maƙala ta a falo. Kuɗinta bai kai na buhuna kaɗan ba.

Hajiya Rabi, Saint-Étienne

Malama Bilkisu, Allah ya biya ki. Ni kuma abin da zan ƙara wa Malam Habibu shi ne kada ya sayi lodi guda tun bai gwada ba, ko da dukanmu mun haɗu a kan suna ɗaya, domin murhu ya bambanta, tsawon bututun hayaƙi ma ya bambanta. Ka zaɓi kamfani biyu ko uku masu lamba, ka sayi buhuna kaɗan na kowanne. Ka share murhu tas, ka ƙone na farko har ya ƙare a mataki ɗaya na zafi, ka lura da tsawon lokacin da buhu ya ɗauka, da yawan tokar, da halin gilashi, da ko kasko ya dunƙule. Sannan ka sake sharewa ka shiga na biyu, kada ka gauraya su. Tokar da ake so laushi gare ta, launinta fari-fari, tana tashi da an taɓa ta. Wasu suna jefa ƙwayoyi a kofin ruwa su ga ko za su nutse. Wannan yana nuna an matse shi da kyau, amma ba ya gaya maka komai a kan toka, don haka ni ban cika dogara da shi ba.

Alhaji Ɗanlami, Udine

Wannan gwaji na Hajiya ya yi, na yarda da shi. Roƙona kawai, Malam Habibu, ka sa na Ostiriya guda ɗaya a cikin waɗanda za ka gwada, sannan ka dawo ka gaya mana abin da ka gani.

Malam Nuhu, Bergamo

Injiniya, na gamsu da batun lamba, kuma zan riƙa dubawa. Saura maganar kuɗi, wadda ita ce ta kawo Malam Habibu tun farko. Duk wanda ya yi hunturun 2022 da murhun pelet bai manta ba. Bayan yaƙin Rasha da Yukiren ya ɓarke, Tarayyar Turai ta hana shigo da katako da pelet daga Rasha, gas ya yi tsada, kowa ya ruga neman pelet. A Jamus tan ɗaya ya haura Yuro 750 a watan Satumba, alhali shekara guda kafin nan bai kai 250 ba. A nan Italiya, da yake yawancin abin da muke ƙonawa daga waje ake kawo shi, buhu ya ninka fiye da sau biyu, har gwamnati ta rage harajin saye daga kashi 22 zuwa kashi 10 a 2023, kafin ta mayar da shi kashi 22 a 2024. A wannan lokacin ne kaya marasa asali suka cika kasuwa, kuma shafukan damfara suka yawaita a intanet da Facebook, suna ɗora hoton buhun sanannen kamfani da farashi mai rahusa, su ce a tura kuɗi ta banki kafin a kawo. Har yanzu suna nan. Farashin da ya yi ƙasa da na kowa nesa ba kusa ba, tare da sharaɗin biya kafin a gani, ya isa mutum ya janye.

Hanyar samun sauƙi ta gaskiya ita ce saye a bazara, daga watan Mayu zuwa Yuli, lokacin da masu kaya suke rage farashi don su rage sito, da kuma haɗa kai a yi oda tare. Bana wannan lokaci ya wuce, amma haɗa oda bai wuce ba. Mu a nan gida huɗu ne muke saye tare daga dillali mai rajista, kuma Brescia ba ta da nisa da Bergamo, mota ɗaya za ta iya sauke wa kowa. Malam Habibu, idan ka kammala gwajin da Hajiya ta faɗa, ka turo mini lambar da ke jikin buhun da ka zaɓa da adadin da kake so. Ka kuma auna faɗin ƙofar garejinka ka gaya mini ko akwai matakala a gabanta, domin direba a bakin titi yake sauke lodi idan keken jan kaya ba zai iya shiga ba.